Tambarin Kosher a kwalayen kayan Biyetnam: me kalmomin ke nufi, yaya za a faɗe su da Hausa?

Ɗan Kasuwar Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Kayan Biyetnam sun yawaita a hannunmu: ɓararren ƙwallon yazawa, kofi na ƙananan leda, masoro, da taliyar nan da ake jiƙawa da ruwan zafi. A jikin kwalaye da yawa akwai harafin U a cikin da'ira. Wani da D a gefensa, wani da P, wani kuma an rubuta Pareve. A takardun rakiyar kaya akwai layin da ya ce "chứng nhận Kosher", Turancinsa a ƙasa "Kosher certified".

Masu sari suna tambaya ko alamar halas ce. Wasu yaran shago har sun fara ce musu "halas ɗin Yahudawa ne, ku ci kawai". Ga kuma masu sayen ƙaro da riɗi da ke neman a haɗa musu da takardar kosher. Don Allah wanda ya san abin nan ya warware mana: me kowace kalma ke nufi a Turanci, me take nufi a harshen Biyetnam, kuma a ina ne fassara ke kai mutum ya baro?

Malam Tafinta, Marwa

Wa alaikumus salam, Alhaji. A fara da tushe, domin ko ɗaya daga cikin kalmomin nan ba Turanci ba ne na asali. Aro ne daga harsuna biyu: Ibrananci, da Yidish, harshen Yahudawan gabashi da tsakiyar Turai waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka da Ingila. Shi ya sa kalma ɗaya za ka gan ta da rubutu uku ko huɗu.

Asalin kalmar shi ne "kasher" a Ibrananci, ma'anarta abin da ya dace, abin da ya cika sharaɗi. Yahudawan Turai suna furta ta "kosher", furucinsu ne ya shiga Turanci. Faransanci ya ɗauki ɗaya furucin, don haka a kayan da suka biyo ta Faransa za ka ga "casher", "kasher", "cachère" ko "cacher". Na ƙarshen nan yana rikita mutanenmu ƙwarai, domin rubutunsa ɗaya da kalmar Faransanci mai ma'anar ɓoyewa, kuma manhajar fassara ta waya takan ba ka "ɓoye" a wurin. Sunan dokar gaba ɗayanta "kashrut", wasu su rubuta "kashrus" ko "kashruth", Faransawa su ce "cacherout". Abin da bai cika sharaɗi ba shi ne "treif", ana kuma rubuta shi "treyf" ko "traif". Asalinsa dabbar da naman daji ya yayyage, kamar yadda ya zo a littafin Fitowa na Attaura, amma a bakin mutane yau ya zama sunan duk abincin da aka hana.

Abin da ya fi shafar kwalayenka shi ne rabon abinci gida uku. Dokarsu ta hana haɗa nama da madara, ko a tukunya, ko a faranti, ko a zama ɗaya na cin abinci. Sun ciro hukuncin daga ayar da ta hana dafa ɗan akuya a cikin nonon uwarsa, wadda ta zo sau uku a Attaura. Saboda haka akwai gidan nama, "meat" ko "fleishig". Gidan madara, "dairy" ko "milchig". Sai wanda ba ya cikin ko ɗaya, shi ne "pareve" ko "parve". Hatsi, 'ya'yan itace, ganye, man gyaɗa, zuma, ƙwai da kifi duk pareve ne. Ka lura da biyun ƙarshe, za su dawo. Bayan cin nama akasari sukan jira awa 6 kafin su sha madara, wasu awa 3, Yahudawan Holan awa 1. Idan kana son ka gane nisan abin da al'adarmu: miyar nama da aka zuba wa man shanu, ko tsire da aka bi da kindirmo nan take, duka ba su halatta a wurinsu ba, ko da ragon su suka yanka da hannunsu.

To, tambarin. U cikin da'ira na ƙungiyar Orthodox Union ne da ke New York, ana kiransa OU, kuma tun 1923 ya fara fitowa a gwangwanin wake na kamfanin Heinz. Kada a rikita shi da R cikin da'ira, wanda alamar rajistar sunan kaya ce kawai. A ƙaramin bugu suna kama da juna. K cikin da'ira na hukumar OK ne a Brooklyn, K cikin tauraro na hukumar Star-K a Baltimore, KLBD na kotun malamansu ta Landan. OU shi kaɗai, ba harafi a gefe, pareve ne. OU-D akwai madara ko abin da aka ciro daga madara. DE na nufin babu madara a ciki amma an yi kayan a injin da ake sarrafa madara. M ko Meat nama ne, F ko Fish kifi.

Babban tarkon shi ne P. Kusan kowa yana ɗauka pareve ne, alhali Passover yake nufi, Idin Ƙetarewa, kwana 7 a Isra'ila, kwana 8 a wajenta. A kwanakin ba sa cin duk abin da ya kumbura daga hatsi biyar, alkama da sha'ir da danginsu uku da ba mu nomawa a nan; sunan haramtaccen shi ne "chametz". Kaya mai P yana iya zama nama, yana iya zama madara. Ba ya gaya maka komai game da wannan.

Harafin K tsirara, ba da'ira ba tauraro, shi ne mafi rauni. Ba a iya yi wa harafi guda rajista, don haka kowane kamfani yana iya buga shi, kuma ba ka san wane ne ya duba ba sai ka tambaya.

Akwai wurare uku da Turanci ya ja kalmar ya kai ta inda babu addini sam. "Kosher salt" gishiri ne mai manyan ƙwayoyi, an ba shi sunan ne domin da irinsa ake tsotse jini daga nama. A littafin girki na Amurka girman ƙwaya kawai ake nufi. "Kosher-style" na nufin an yi abinci a kan salon girkin Yahudawan Turai, ba wanda ya sa ido, kuma yana iya karya dokar gaba ɗaya. Na uku, a hira Bature yakan ce wata harka "is not kosher", wato akwai lauje cikin naɗi. Idan wannan ya zo a wasiƙar ciniki, zancen gaskiyar takardu ake yi, ba zancen abinci ba.

Shawarata a Hausa: a bar kalmar yadda take, a ce kosha, a bi ta da "wanda ya cika dokar abincin Yahudawa". Treif a ce "wanda dokarsu ta hana". Pareve a ce "ba nama ba madara".

Hajiya Mai Sito, Njamena

Sannu da ƙoƙari, Malam Tafinta. Bari in ɗauki ɓangaren Biyetnam, domin a can matsalar ta sha bamban. Harshensu da haruffan boko ake rubuta shi, sai dai da alamomin murya a sama da ƙasa, kuma bai fassara kosher ba, ya ɗauke ta ɗungurungum, yawanci da babban K. Siffa tana bin suna a baya kamar Hausa: "chứng nhận Kosher" takardar shaidar kosha, "thực phẩm Kosher" abincin kosha, "muối kosher" gishirin nan mai manyan ƙwayoyi, wanda a kasuwarsu "muối hột" ko "muối hạt" ne kawai. Bayahude "người Do Thái", addinin "Do Thái giáo", malaminsu "giáo sĩ Do Thái", Idin Ƙetarewa "Lễ Vượt Qua". Musulunci kuwa "Hồi giáo", takardar halas "chứng nhận Halal". Takardu biyu ne daban, hukumomi daban ke bayarwa. Kamfanoni da yawa suna jera su a layi ɗaya a tallarsu tare da ISO da HACCP, takardun ingancin aiki da tsaftar abinci, shi ya sa mai sari ke ɗauka abu ɗaya ne.

Inda ake zamewa shi ne lokacin da suka zo bayani. Kashrut sukan bayyana shi da "luật ăn uống của người Do Thái", dokar ci da sha ta Yahudawa, wannan daidai ne. Amma wasu sukan rubuta "luật ăn kiêng", kuma "ăn kiêng" ita ce kalmar da ake amfani da ita ga mai rage ƙiba ko mai ciwon suga da likita ya hana wasu abinci. In aka juya ta zuwa Turanci ko Faransanci da waya, sai ta fito a matsayin abincin rage ƙiba. Daga nan ne zancen "kofin kosha ba shi da suga" ke fitowa, kuma ba shi da tushe.

Na biyu ya fi haɗari. Pareve sukan fassara shi da "trung tính", wato tsaka-tsaki, ba laifi. Amma ma'aikacin da bai san dokar ba yakan haɗa shi da "chay", abincin mabiya Buddha da babu nama babu kifi. Ba ɗaya ba ne. Kamar yadda Malam ya faɗa, kifi da ƙwai pareve ne, ba su kuwa cikin "thuần chay", wanda babu komai na dabba a cikinsa. A ɗaya gefen kuma, abu yana iya zama chay ya ƙunshi giya.

Alhaji, tambari ba ya maye gurbin karanta jerin kayan haɗi. Nemi kalmar "thành phần", a ƙarƙashinta jerin yake. Alade yana da suna biyu, "heo" a kudu, "lợn" a arewa, dole ka san duka biyun: "thịt heo" naman, "mỡ heo" kitsen, "da heo" fatar, wadda daga ita ake yin yawancin jelatin mai arha, sinadarin da ke daskarar da alewa mai danƙo. "Rượu" giya ce, "cồn" sinadarin barasa, "sữa" madara, "trứng" ƙwai, "tôm" jatan lande, "cá" kifi, "hương liệu" kayan ƙanshi da ɗanɗano, "dầu thực vật" man tsirrai, "mỡ động vật" kitsen dabba. NSX ranar yi, HSD ranar lalacewa.

Kalmar "bơ" tana da ma'ana biyu, man shanu da kuma piya. A kofi man shanu ake nufi, domin gasa kofi irin na gargajiya a can ana yinsa da man shanu ko majarin, wasu har da ɗigon giya don ƙanshi. Kofi tsantsa ba ya buƙatar dogon bincike, amma wanda aka gasa da man shanu ya fita daga pareve. Haka kofin nan mai haɗi uku, "3 trong 1". Garin farin da ke cikinsa ana rubuta masa "non-dairy creamer", wato wai ba madara, amma akasari yana ɗauke da kazinat, furotin da aka ciro daga madara. Shi ya sa za ka ga leda ta ce ba madara, tambarin kuma ya ce D. Tambarin ne ya faɗi gaskiya, kuma mai yaron da jikinsa ba ya karɓar madara ya guji mai D ɗin.

Kifi kuma sharaɗinsa biyu a wurinsu: ƙege, da ɓawon da ake iya kankarewa ba tare da an yage fata ba. Daskararren kifin da Biyetnam ta fi fitarwa, "cá tra" da "cá basa" na yankin kogin Mekon, dangin tarwaɗa ne, ba su da ɓawo, don haka ba za su taɓa zama kosha ba. Idan ka ga tambarin kosha a kwalin basa, ƙarya ce ko kuskuren bugu, ba sai ka tambayi kowa ba. Romon kifinsu "nước mắm" daga ƙananan kifaye "cá cơm" ake yinsa da gishiri, su kam nau'in da ya halatta ne, sai dai sai an tabbatar ba a gauraya da jatan lande ko wasu halittun ruwa ba. "Mắm tôm" na jatan lande ne, ba ya shiga ko kaɗan.

Malam na Zauren Risala, Ngaundere

Allah ya saka wa Malam da Hajiya. Alhaji, a hana yaran shago faɗin "halas ɗin Yahudawa". Maganar tana da daɗin faɗi, amma tana sa mai saye ya ɗauka duk abin da ya halatta gare su ya halatta gare mu, kuma ba haka ba ne. Da'ira biyu ce da suka shiga juna, kowace da gefen da ya fita.

Gefen da suka fi mu tsanani yana da faɗi. Dabbar ƙasa sai mai tuƙa kuma mai rababben kofato, sharaɗi biyu tare. Raƙumi yana tuƙa amma ƙafarsa ba ta cika sharaɗin ba, don haka namansa da nononsa duka haram ne a wurinsu. Haka zomo da rema. Tarwaɗar Binuwai da ta tafkin Cadi ba sa ci, karfasa da giwan ruwa suna ci. Mu kuwa a mazhabar Malikiyya abin da ke cikin ruwa halas ne. Alƙur'ani ma ya ambaci wannan tsanani a Suratul An'am, aya ta 146, inda aka haramta musu duk mai akaifa da kitsen shanu da tumaki.

Gefen da suka fi mu sauƙi ƙarami ne amma shi ne mai cutar da mu: giya. Ba ta haramta a wurinsu ba. Akwai giyar inabi ta kosha, da ita suke buɗe ranar hutunsu ta Asabar da idinsu, sharaɗinta dai Bayahude mai kiyaye addini ne zai sarrafa ta. Don haka cakulan mai giya a ciki, biskit da aka jiƙa da ita, miyar kwalba da aka dafa da ita, duk suna iya ɗaukar OU da gaskiyarsu. Ruwan banila da ake zuba wa kek, a ƙa'idar Amurka sai ya kai kashi 35 cikin 100 na barasa kafin ya ci sunansa, kuma kosha ne, pareve ne. Sai jelatin: manyan hukumomi irin OU ba sa karɓa sai na kifi ko na fatar saniyar da aka yanka a kan dokarsu, amma akwai malamansu da suka sassauta, suka ce ƙashi da fata sun sauya kama bayan sarrafawa, har na alade. Irin wannan ne ake samu a ƙarƙashin K tsirara. Suna kuma da ƙa'idar da ke cewa haramtaccen abu in ya faɗa cikin halattacce bisa kuskure, bai wuce kashi 1 cikin 60 ba, ya narke. Ma'auninsu ne, ba namu ba.

Yanka shi ne wurin da ya kamata a tsaya a kansa. Sunansa "shechita", mai yin sa "shochet", kuma ba kowa ke yanka ba sai wanda ya yi karatu aka ba shi izini. Wuƙar ba ta da tsini, tsawonta kamar ninki biyu na faɗin wuyan dabbar, ana bin kaifinta da farce kafin yanka da bayansa. In aka sami tsaguwa komai ƙanƙantarta, dabbar ta tashi daga kosha. Abu biyar ke ɓata yankan: tsayawa a tsakiya, danna wuƙa maimakon ja, cusa ta ƙarƙashin fata ko gashi yadda ba a ganinta, yanka a wajen iyakar da aka ƙayyade a wuya, da fizge maƙogwaro maimakon yanke shi. Abin da suke nema a yanke shi ne maƙogwaro da hanyar abinci. Mu a Malikiyya maƙogwaro ne da jijiyoyin jini biyu na wuya, kodayake irin jan da suke yi yakan tafi da su duka. Ba sa sumar da dabba kafin yanka. Bayan haka a duba huhu. In ya fito sumul ba manne-manne, shi ne "glatt", kalmar Yidish mai ma'anar santsi. Turanci ya mayar da "glatt kosher" kamar "kosha mai tsanani", har ana liƙa ta a abin da ba shi da huhu, amma asalinta hukuncin huhun dabba ne.

Daga nan a cire kitsen da aka hana da jijiyar cinya, aikin da wahalarsa ta sa a ƙasashe da yawa ake sayar da rabin baya na saniya ga mahautan da ba na kosha ba. Sai fitar da jini: a jiƙa nama a ruwa rabin awa, a rufe shi da gishiri awa 1 a kan abin da jini zai tsiyaye, a ɗauraye sau uku, kuma a yi haka kafin awa 72 su cika daga yanka. Hanta ba ta jin gishiri saboda yawan jininta, sai an gasa ta a wuta.

Hukuncin cin yankansu: Suratul Ma'ida aya ta 5 ta halatta mana abincin Ma'abota Littafi, kuma Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa babu laifi ga abincinsu da yankansu, sai dai an karhanta kitsen da aka haramta wa Yahudawa, ba tare da an haramta ba. Inda malaman zamani suka yi saɓani shi ne ambaton sunan Allah, domin shochet yana yin addu'a ɗaya ne a farkon aiki ta wadatar wa jerin dabbobi, ba a kan kowace ba. Amma kayanka, Alhaji, babu yanka a ciki. Abin dubawarka giya ce da jelatin.

Mai Ƙaro, Kusiri

Ni zan amsa ɓangaren masu neman takarda a kan ƙaro da riɗi, domin nan ake asarar kuɗi a banza.

Tambarin da takardar sunansu "hechsher", mai zuwa dubawa "mashgiach". Ba addu'a yake yi wa kaya ba, ba ya tofa komai. Mutane da yawa haka suke zato. Bincike yake yi: me ya shiga kayan, a wane inji, me aka sarrafa a injin kafin nan. Kuma takardar ba ta ɗan kasuwa ba ce, ta wurin sarrafawa ce da kayan da aka lissafa da sunansu. Yawanci shekara 1 take yi a sabunta.

Ɗanyen ƙaro kamar yadda aka tsinto shi daga itace, kitir ne ko talha, da ɗanyen riɗi, da yazawa mai ɓawo, kosha ne da kansu. Hukumomin suna sa irinsu a rukunin kayan da ake karɓa daga ko'ina ba tare da takarda ba, OU tana kiransa "Group 1". Don haka in mai saye ya ce "kosher certificate" a kan ɗanyen kaya, fara tambayarsa a rubuce: takardar hukuma yake so, ko "kosher statement", wato wasiƙar da kai za ka sa wa hannu cewa kayan tsiro ne tsantsa, ba a haɗa da komai ba, ba a dafa ba? Sau da yawa ta biyun ce ke biyan buƙata, kuma ba ta cin ko sisi. Ɗan Biyetnam yakan rubuta "chứng nhận" ga duka biyun, ka ga inda ruɗanin yake.

Takardar gaske tana zama dole ne da zarar zafi ko haɗi ya shigo. Ƙaro ana narkar da shi, a tace, a busar da shi ya zama gari a hasumiyar feshi mai iska mai zafi, shi ne ake rubuta wa lambar E414 a jerin kayan haɗin lemon kwalba da alewa. Irin wannan hasumiya ce ake busar da madara da ita, wani lokaci da jelatin. In inji ɗaya ne, garin ƙaron ya zama D ko ya faɗi gaba ɗaya. Yazawa kuma in aka soya ta a mai, ana tambayar man da abin da aka soya a cikinsa a baya. In aka barbaɗa mata garin cuku ko na jatan lande a layi ɗaya, haka. Har tururin da ke zagayawa tsakanin tukwane ana bin sawunsa, domin in ya dumama romon alade ya koma tukunyar tururi, ya ɗauko hukuncinsa.

Matakan: a cike takardar nema, a ba da jerin duk abin da ke shiga masana'anta har man shafa inji da maganin kumfa, kowanne da sunan mai kawo shi, shi ne "Schedule A" a tsarin OU; jerin kayan da za su ɗauki tambari shi ne "Schedule B". Mai dubawa ya zo ya zaga. In inji yana buƙatar tsarkakewa, a wanke shi tas, a bar shi awa 24 ba aiki, sannan a bi shi da tafasasshen ruwa. Wanda ya taɓa haramtaccen abu a busasshiyar wuta, kamar tanda, sai an ƙona shi da wuta. Bayan sa hannu suna dawowa ba sanarwa.

Abin da ya fi karya mutane uku ne: sauya mai kawo wani sinadari ba a sanar ba, buga tambari a kayan da ba ya cikin jerin, da ƙwari. Ƙwaro haram ne mai tsanani a dokarsu, ban da wasu nau'in fara da Yahudawan Yaman suka riƙe al'adar ci. Riɗin da ya kwana a sito mai laima ya yi ƙwari zai dawo maka ko da takardunka sun cika. A rairaye shi, a busar sosai, sabon buhu, a ɗaga daga ƙasa, kuma kada a zuba a buhun da ya taɓa ɗaukar busasshen kifi.

Ɗan Kasuwar Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Ga uku a gabana yanzu. Yazawa: OU kaɗai, thành phần ya ce "hạt điều, muối". Kofi mai haɗi uku: OU-D. Taliya: ba tambari a leda, amma dillali ya turo hoton takarda mai kan "Kosher Certificate" da sunan kamfanin, a ledar kuma akwai "hương tôm". Me zan ce wa masu sari?

Hajiya Mai Sito, Njamena

Yazawar ƙwallo ne da gishiri, ba wani abu, kuma OU ɗin ya ƙara maka tabbacin ba a soya ta a kitsen dabba ba. Ka sayar hankali kwance, ka ce musu yazawa ce da gishiri.

Kofin akwai madara a ciki. Tambarin ya kore maka alade da kitsensa, bai kore barasa ba, don haka duba ko akwai "rượu" ko "cồn" a jerin. In "hương liệu" kawai aka rubuta ba bayani, nemi chứng nhận Halal daga kamfanin, yawancin masu fitar da kaya zuwa Malesiya da Indonesiya suna da ita.

Taliyar kuwa, da wuya takardar da aka turo maka ta zama tata. "Hương tôm" ɗanɗanon jatan lande ne, in na gaske ne a cikin ƙullin kayan miyar, ba hukumar da za ta sa masa hannu. Buɗe hoton ka duba abu huɗu: sunan hukumar da ta bayar, adireshin masana'antar, ranar ƙarewa, da jerin kayan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da matsayinsa a gefe, Pareve ko Dairy, da sharaɗin da aka rubuta masa. Sau da yawa sharaɗin yakan ce sai in tambarin yana jikin leda. Mai yiwuwa za ka tarar takardar ta busasshiyar taliyar shinkafa ce, "bún" ko "phở" marar kayan miya, ta wannan kamfanin dai. OU da Star-K da OK duka suna da wurin bincike a shafukansu na intanet inda za ka sa sunan kaya ka gani ko yana ciki. Jatan lande dai halas ne a gare mu, ba shi ne abin tsoro a ledar nan ba. Juya ta ka karanta abin da ke cikin ƙaramin ƙullin mai, nan ne "mỡ heo" ke zama in akwai shi.